Darasin Kasuwanci: Ƙaura Daga Rumfar Haya Zuwa Kantin Kanka a Intanet

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2023, kamfanin OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013 domin sayar da littattafai ta wayar hannu, ya rufe harkokinsa bayan shekara goma yana aiki. Marubuta da dama, ciki har da masu rubuta ƙagaggun labarai na Hausa, sun daɗe suna baje hajarsu a wurin, kuma a nan masu karatu suka san za su same su. Da aka rufe, littattafan suna nan a hannun masu su, amma hanyar da masu saye suka saba bi ta toshe. Wata guda bayan haka, kamfanin Jumia ya daina harkar kai abinci gida-gida a Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka, sai masu gidajen abinci da suka dogara da shi suka koma neman wata mafita.

Waɗannan al'amura guda biyu su ne mafarin darasinmu na yau. Dubban 'yan kasuwa a ƙasar nan, tun daga masu sayar da atamfa da shadda da turare har zuwa masu koyar da sana'a da marubuta, sun gina cinikinsu a kan dandalin da ba nasu ba, watau irin su Facebook da Instagram da WhatsApp, ko kuwa manyan kasuwannin intanet. Da yawansu kuma a yanzu suna tunanin buɗe kantin kansu a intanet domin samun ƙarin kuɗin shiga. Wannan tunani ne mai kyau, amma ƙaura tana da ƙa'idoji. Abin da muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, dukiyar da ake ƙaura da ita su ne abokan ciniki. Wanda ya kwashe hotuna da rubuce-rubuce ya bar jama'arsa a baya, to ya gina shago ne a inda ba kowa.

Haya da mallaka

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zama a rumfar haya a Kantin Kwari ko kasuwar Wuse ko Alaba ya san matsayin ɗan haya. Jama'a suna wucewa ta ƙofarsa ba don shi ya tara su ba, sai don kasuwar ce ta tara su. Wannan shi ne amfanin haya. Illarta kuwa ita ce, mai rumfa yana iya ƙara kuɗi, ko ya canza sharaɗi, ko ya ce a tashi, kuma ɗan haya ba shi da ta cewa.

Haka al'amarin yake a dandalin sada zumunta. Ba a karɓar kuɗin haya a hannun mai talla da kayansa, amma kamfanin ne yake yanke shawarar mutum nawa daga cikin mabiyansa za su ga abin da ya saka. Yana iya rufe asusun mutum bisa zargin saɓa ƙa'ida, kuma ɗaukaka ƙara a wurin kamfanin da ke wata nahiya ba abu ne mai sauƙi ba. Daɗin daɗawa, akwai abubuwan da suka fi ƙarfin mai asusun baki ɗaya. A ranar 4 ga watan Oktoba na 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke a duniya duka na kimanin sa'o'i shida. A wannan shekarar kuma, daga 5 ga watan Yuni, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, wanda a yanzu ake kira X, ba a kuma ɗage dakatarwar ba sai 13 ga Janairun 2022. Wanda cinikinsa duka yake a wurin ya yi wata bakwai yana lalube. A 2019 ma, da kamfanin Jiji ya karɓi harkokin OLX a Nijeriya, masu talla a tsohon wurin sun tarar an mayar da su sabon gida ba tare da an nemi shawararsu ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kantin kai a intanet ya ƙunshi abubuwa uku. Na farko shi ne adireshi, watau sunan da mutum zai rubuta ya iso wurinka. Na biyu shi ne masauki, watau kwamfutar wani kamfani wadda take ajiye da hotuna da bayanan kantin dare da rana. Na uku shi ne manhajar da take tsara kaya da farashi da karɓar oda. Adireshin shi ne ya fi muhimmanci, domin muddin yana hannunka, kana iya canza masauki ko manhaja sau goma abokan cinikinka ba su ma sani ba.

Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya, mallakar kanti ba ta maganin kowace matsala. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, mai kantin kansa da ɗan haya duk sun zama ɗaya. Kazalika a ranar 14 ga Maris na 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni da yawa sun sha wahala. Abin da mallaka take karewa shi ne hukuncin kamfani guda a kan cinikinka.

Ta ina kuɗin zai shigo?

Kafin a kashe ko kwabo, lalle ne ɗan kasuwa ya amsa wannan tambaya a rubuce. Hanyoyin samun kuɗi a sabon wurin guda uku ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Hanya ta farko ita ce sayar da kaya kai tsaye. A nan kantin yana ƙara kuɗin shiga ta fuska biyu. Mai saye yana ganin kaya da farashi ya biya da kansa ko da tsakar dare ne, ba sai ya jira an amsa masa saƙo ba. Sa'an nan kuma wanda yake sayarwa a babbar kasuwar intanet yana huta wa biyan kamashon da ake cira a kan kowane ciniki. Amma a lura, kamashon nan ladan tara jama'a ne. Wanda ya daina biyansa, to aikin tara jama'a ya dawo wuyansa.

Hanya ta biyu ita ce sayar da ilmi, kamar littafi ko darasin ɗinki ko na girki ko na lissafin kasuwanci. Wannan haja ba ta bukatar sito ko kuɗin mota, kuma kwafi na dubu ba ya cin kuɗin da ya wuce na farko. Matsalarta ita ce sata. Marubutan Hausa da suke sayar da labarai a zaurukan WhatsApp sun san yadda mutum ɗaya yake biya ya rarraba wa ɗari. Kantin da yake buɗe wa mai saye littafi a cikin asusunsa kawai yana rage wannan ɓarna, ko da yake ba ya kawar da ita. Akwai kamfanonin gida, irin su Selar, waɗanda aikinsu ke nan, suna cire kasonsu a kan kowane ciniki.

Hanya ta uku ita ce kuɗin talla, kuma a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Tsarin talla na kamfanin Google, wanda ake kira AdSense, ba ya biyan mutum sai abin da ya tara ya kai dala 100, kuma kafin nan sai an aiko masa da lambar tabbatar da adireshi ta gidan waya. Wani abin da ya fi shafar masu karatunmu shi ne, tsarin yana da jerin harsunan da ya amince da su, kuma har zuwa shekarar 2024 akwai Turanci da Larabci da Faransanci a ciki amma babu Hausa. Saboda haka wanda rubutunsa duka da Hausa ne, kada ya gina lissafinsa a kan wannan kuɗi sai ya duba jerin da idonsa. Abin da ya fi masa tabbas shi ne tallan kai tsaye, watau ya yi yarjejeniya da makaranta ko shagon waya ko kamfanin sufuri da yake son Hausawa su san da shi, a biya shi wata-wata da Naira. Wanda kuma ya shiga tsarin Google, ya sani cewa akwai wurin da ake toshe nau'in tallan da ba a so, kamar na caca da barasa, kuma hakkinsa ne ya toshe, domin abokin ciniki ba zai bambance tallan da ka zaɓa da wanda aka saka maka ba.

Lissafi kafin tashi

Kuɗin da kantin intanet yake ci iri biyu ne. Akwai na sau ɗaya, watau ladan wanda zai gina shi da ɗaukar hotunan kaya. Akwai kuma mai dawowa, watau sabunta adireshi kowace shekara, kuɗin masauki, kuɗin data, ladan mai kula, da abin da kamfanin karɓar kuɗi yake cira. Mai dawowar shi ne yake kashe kanti, domin mutane sukan manta da shi a lissafin farko.

Bari mu ɗauki kuɗin karɓar biya. Kamfanin Paystack, wanda aka kafa a 2015 kuma kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a watan Oktoba na 2020, a shekarar 2024 yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin Naira 100 a kan cinikin cikin gida. Ana yafe Naira ɗarin idan cinikin bai kai Naira 2,500 ba, kuma abin da ake cira ba ya wuce Naira 2,000 komai yawan kuɗin. Bisa wannan ƙa'ida, cinikin Naira 40,000 zai ci Naira 700, na Naira 200,000 kuwa zai ci Naira 2,000. Ma'anar wannan ita ce, mai sayar da ƙananan kaya masu ƙaramar riba ya fi jin nauyin cirar a kan mai sayar da manya. Akwai wasu kamfanonin, kamar Flutterwave, kowanne da nasa farashin, kuma farashi yana canzawa, don haka a duba na ranar da za a yi rajista.

Yanzu mu ƙaddara wata mai sayar da atamfa, wadda take cin ribar Naira 3,000 a kan turmi guda na Naira 40,000. Mu ƙaddara kuma dukan kuɗin kantinta mai dawowa ya kama Naira 180,000 a shekara. Waɗannan alƙaluma na misali ne kawai, kowa ya saka nasa. Idan aka cire Naira 700 na karɓar biya, ribarta ta koma Naira 2,300. Idan aka raba 180,000 da 2,300, za a ga tana bukatar sayar da turmi 79 a shekara, watau kusan bakwai a wata, kafin kantin ya biya kuɗin kansa. Muhimmin abu a nan shi ne, turmi bakwai ɗin nan dole su zama ƙari a kan abin da take sayarwa a da. Idan tsofaffin abokan cinikinta ne kawai suka koma biya ta sabon wurin, to ba ta ƙaru da komai ba, hasali ma ta rage Naira 700 a kan kowane turmi.

Abu na biyu a lissafi shi ne nau'in kuɗin da za a riƙa biya. Wasu kamfanonin waje, kamar Shopify, suna ba da kanti shiryayye amma da dala ake biyansu kowane wata. A watan Mayu na 2023 farashin dala a hukumance yana wajen Naira 460. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yuni na wannan shekara, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura Naira 1,500. Wanda yake biyan dala 10 a wata ya tashi daga Naira 4,600 ya koma Naira 15,000 ba tare da an ƙara masa komai ba. Bugu da ƙari, daga shekarar 2022 bankuna da yawa sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin Naira, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka sake buɗewa. Darasin a fili yake: wanda yake sayarwa da Naira, ya nemi kashe kuɗinsa da Naira gwargwadon iko. Manhajar WordPress da abokiyar aikinta WooCommerce kyauta ne, kuma akwai kamfanonin masauki a cikin gida da suke karɓar Naira, sai dai wannan hanya tana bukatar mai kula da ya san aikinsa.

Matakan ƙaura

Mataki na farko shi ne suna. Adireshin da ya ƙare da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin kulawar Ƙungiyar Rajistar Intanet ta Nijeriya, watau NiRA, kuma ana yankarsa ta hannun kamfanonin da ta amince da su. A zaɓi suna gajere, wanda za a iya faɗa a waya a rubuta ba kuskure. A guji sunan da ya dogara da baƙaƙe masu ƙugiya, domin a adireshi "ƙ" zai koma "k", kuma wani lokaci ma'ana takan canza. Babban gargaɗi a nan shi ne, a yi rajistar da sunan mai kasuwancin da lambar wayarsa da adireshin saƙonsa. Sau da yawa yaron da aka ba aikin ginin shi yake yin rajistar da nasa sunan don sauƙi, ranar da aka saɓa kuwa sai ya tafi da kantin duka. Wannan daidai yake da a gina maka gida takardar fili tana ɗauke da sunan birkila. Haka kuma a rubuta ranar sabuntawa a littafi, domin adireshin da aka bari ya mutu wani yana iya yankarsa.

Mataki na biyu shi ne rajistar kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, da buɗe asusun banki da sunan kasuwancin. Wasu kamfanonin karɓar kuɗi suna barin a fara ba rajista, amma da iyaka a kan abin da za a karɓa. Ban da wannan, baƙon da bai san ka ba ya fi sakin jiki ya tura kuɗi idan ya ga sunan kanti ya yi daidai da sunan asusu. Wani amfanin karɓar biya ta kamfani shi ne, oda ba ta tabbata sai kuɗi sun shiga da gaske, saboda haka masu nuna saƙon banki na bogi ba su da kafa. Amma a tuna cewa kuɗin yawanci sai ranar aiki ta gaba suke sauka a asusu, wanda yake juya jarinsa kullum ya saka wannan a lissafi.

Mataki na uku shi ne kwashe kaya. Kafin a taɓa komai, a sauke kwafin dukan hotuna da bayanai da rubuce-rubuce daga tsohon wurin, a ajiye a wuri biyu. Facebook da Instagram duk suna da hanyar da mai asusu zai nemi kwafin bayanansa. Ga masu rubutu da Hausa akwai wata matsala ta musamman: idan tsarin baƙaƙen sabon wurin bai dace da na tsohon ba, sai ɓ da ɗ da ƙ su rikiɗe su koma alamar tambaya ko wasu zane-zane marasa ma'ana. A gaya wa mai ginin ya yi amfani da tsarin UTF-8, sa'an nan a gwada da rubutu goma kafin a kwashe dubu. Har ila yau, tun da yawancin masu nema ba sa saka ƙugiya idan suna rubutu a waya, a gwada a ga ko wanda ya rubuta "dinki" zai sami abin da aka ajiye da sunan "ɗinki".

Mataki na huɗu shi ne gwaji a wayar talaka. Mai ginin yakan nuna aikinsa a babbar kwamfuta da sabis mai ƙarfi, alhali mai sayen yana riƙe da ƙaramar waya a wurin da sabis yake rawa. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, mutane sun ƙara tsumulmular data, kuma kantin da hotunansa suke da nauyi ba za a jira shi ya buɗe ba. A rage nauyin hotuna. A tabbata kuma kantin yana da takardar tsaro, domin tun watan Yuli na 2018 manhajar Chrome take yi wa wuraren da ba su da ita tambarin rashin tsaro, kuma ana samun takardar wannan tsaro kyauta. Daga nan mai kantin ya sayi wani abu da kansa, tun daga zaɓe har zuwa biya, ya ga inda ake tuntuɓe.

Mataki na biyar, wanda ya fi sauran duka, shi ne ƙaura da jama'a. Mabiya dubu hamsin a Instagram ba naka ba ne, domin ba za ka iya ɗaukarsu ka tafi da su ba. Naka su ne waɗanda kake da sunansu da lambar wayarsu da yardarsu. Don haka watanni kafin ƙaura a fara tara wannan littafi: wa ya saya, me ya saya, a wane gari yake. A sanar da ƙaurar tun da wuri, a kuma maimaita, domin ba kowa ne yake ganin sanarwa ta farko ba. A lura cewa jerin aika saƙo ga mutane da yawa a WhatsApp yana ɗaukar lamba 256 ne a kowane jeri, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Saboda haka roƙon abokin ciniki ya ajiye lambar kanti aiki ne na gaske. A buga sabon adireshin a kan leda da rasit da katin da ake sakawa cikin kaya. A ba mutane dalilin zuwa, kamar rangwame a odar farko ko sabon kaya da za a fara gani a can.

Mataki na shida shi ne kada a rufe tsohon wuri. Kuskuren da ake kira saki reshe kama ganye ke nan. Dandalin sada zumunta shi ne bakin titi inda jama'a suke wucewa, kanti kuma shi ne inda ake ƙulla ciniki. A ci gaba da nuna kaya a tsohon wurin ana nuna wa mutane hanyar sabon. Idan kuwa daga wani tsohon kanti na intanet aka tashi, to a sa mai ginin ya kafa umurnin juyawa na dindindin, wanda ma'aikatan fannin suke kira 301, domin duk wanda ya bi tsohon adireshin wani kaya ya faɗa kan sabon adireshinsa. Kamfanin Google yana ba da shawarar a bar wannan umurni aƙalla shekara guda. Idan ba a yi ba, matsayin da aka yi shekaru ana ginawa a wurin masu bincike zai zube. Ko an yi ma, akan ga raguwar baƙi na ɗan lokaci kafin al'amura su daidaita, don haka kada a yi ƙaura a cikin azumi ko gab da Salla ko Kirsimeti, lokacin da ciniki yake kan ganiyarsa. A zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa.

Nauyin da ya hau kan mai kanti

Wanda ya zama mai gida ya ɗauki nauyin da mai rumfa yake ɗauke masa a da. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa mai tara sunaye da lambobin mutane alhakin tsare su da yin amfani da su a kan abin da aka karɓe su dominsa. Sayar da jerin lambobin abokan ciniki ga wani, ko jefa mutane cikin zaure ba da izninsu ba, abu ne da yake ɓata suna kuma yana iya jawo hukunci. Kazalika dokar gasa da kare hakkin masu saye ta 2018 ta shafi cinikin intanet kamar yadda ta shafi na kasuwa: abin da aka nuna a hoto shi za a aika. A rubuta a fili kuɗin kai kaya, da kwanakin da zai ɗauka, da sharaɗin mayarwa. Idan ta tasha ake aikawa a hannun direba, a faɗa, a kuma bayyana wanda zai ɗauki asara in kaya sun ɓata.

Tsaro ma yana wuyan mai kanti. Kalmar sirri ta adireshi da ta masauki da ta asusun karɓar kuɗi su kasance a hannunsa, ma'aikata kuwa a buɗe musu ƙofar da ta dace da aikinsu kawai, a kuma rufe ta ranar da suka bar aiki. A riƙa sabunta manhaja, a riƙa ajiye kwafin kantin aƙalla mako-mako a wani wuri daban.

Wa ya kamata ya ƙaura?

Ba kowa ba ne. Wanda abokan cinikinsa ba su wuce 'yan unguwa da dangi ba, kuma yana iya amsa saƙonninsu shi kaɗai, manhajar WhatsApp Business da jerin kayanta ta ishe shi a yanzu, abin da ya rage masa shi ne ya riƙe littafin lambobinsu a wajen waya. Wanda ya kamata ya yi shiri shi ne wanda oda ta fara fin ƙarfinsa har wasu suna ɓacewa a cikin saƙonni, ko wanda baƙi daga wasu garuruwa suke nemansa, ko wanda kamashon da yake biya a shekara ya zarce kuɗin riƙe kanti, ko kuwa mai sayar da ilmi da sata take cinye masa riba.

Ga wanda ya yanke shawarar tashi, muna ba da shawarar ya ware wata uku na gwaji bayan buɗewa, yana rubuta abubuwa uku kowane mako: oda nawa ta shigo ta sabon kantin, nawa daga ciki na sababbin mutane ne, kuma nawa aka kashe. A ƙarshen wata ukun ya ɗora waɗannan alƙaluma a kan lissafin da ya yi tun farko. Idan sababbin masu saye suna ƙaruwa, ya ci gaba ya ƙara jari. Idan kuwa tsofaffin ne kawai suke zagayowa, ya rage kashe kuɗi a kan gini ya mayar da hankali ga tallata adireshin, amma ko ta halin ƙaƙa kada ya bar rajistar sunan ta mutu, domin ita ce abu guda da ya mallaka a cikin wannan kasuwa.